Shafukan da Kike Lanƙwasawa

Dutse, safiyar Alhamis

Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya tsare ki a kwana biyun da suka rage miki a gidan nan, Ya tsare ki a gidan da za ki. Kin ga na rubuta sunanki a sama. In ban da takardun makaranta da katin asibiti, yau ne farko, kuma ga shi hannuna bai karye ba.

Shekaranjiya da hantsi ƙawarki Jamila tana ƙunsa miki lalle a gindin dabinon tsakar gida. Hannuwanki biyu a ɗaure cikin leda, littafi a buɗe kan cinyarki, kina juya shafi da gwiwar hannu. Na ji Jamila tana cewa, "Ke dai Allah Ya shirye ki. Amarya guda, saura kwana huɗu, ko ɗan kukan nan ba kya gwadawa? Wallahi ranar Asabar in kika shiga yi wa Anti sallama ido a bushe, ni zan mintsine ki."

Kika ce, "Kukan me? Ai Anti ba za ta ma san na tafi ba sai ta nemi wani littafinta ta rasa."

Kuka yi dariya. Ina kicin, taga a buɗe. Allah Ya taimake ni albasa nake yankawa, don haka da ƙanwarki ta shigo ba ta tambaye ni komai ba.

Ban yi fushi ba. Magana ce ta mai lura, kuma a wurina kika gaji lura. Abin da ya hana ni sakat shi ne na san ba wasa kike ba. Kin yarda da maganar, kuma da ita za ki tafi Buji in na yi shiru. Ranar Asabar Gwaggo Dije, yayar Abbanku, ita za ta yi miki faɗan aure, tunda ke ce 'yar fari, uwa kuwa ba ta buɗe baki a kan 'yar fari. Za ta ce ki yi haƙuri, ki yi biyayya, ki riƙe sirrin mijinki. Duk gaskiya ne, ki ji. Ni ba ni da wata nasara da zan kafa miki misali da ita. Kurakurai nake da su, su kuma na san su ciki da waje.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Kano na haife ki. Kika isa yaye ina shekarar ƙarshe. Inna ta taso daga rugarmu ta wajen Miga ta ɗauke ki, kamar yadda ake yi: kaka ta tafi da yaro ya manta nono, bayan wata ɗaya ko biyu a mayar wa uwarsa. Wata biyu suka cika, jarrabawa ta matso, na ce a bari a gama. Aka gama, sai bautar ƙasa. Daga nan sai sabon aiki, sai cikin ƙaninki Bashir. Duk wanda ya tambaye ni ina yarinya, sai in sunkuyar da kai, shi kuma ya ce, "Allah sarki, kunyar Fulani. Duk bokon nan ba ta yar da ita ba." Har yabona ake yi a gidajen suna.

Gaskiyar ita ce ɗakin ya yi shiru, ina samun barci, ina karatu yadda nake so, kuma na ji daɗin hakan. Abin da zai ba ki dariya, kundin digirina a kan wannan al'adar na rubuta shi. Na zauna na tsara hujjoji a kan yadda kunyar ɗan fari take shiga tsakanin uwa da ɗanta, malamina ya yaba ƙwarai. Ina can ina gyara waƙafi da aya, kina Miga kina koyon magana a bakin wata.

Kina shekara shida aka dawo da ke don ki shiga firamare. Kika tsaya a bakin ƙofa kin riƙe gefen zanen Inna. Aka ce ki gaishe ni. Kika durƙusa kika ce, "Ina wuni, Anti." Kowa ya fashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta saba ba, tana jira. Kalma ɗaya ake bukata a wurin. Na ce, "Lafiya lau, an zo lafiya?" Yau shekara goma sha shida ke nan. Ƙannenki suna ce min Mama, unguwa tana ce min Maman Bashir, kamar daga kansa na fara haihuwa, ke kuma kina nan kan Anti.

In Allah Ya ba ki haihuwa, aka matsa sai an kai yaye wurin kaka, ki kai. Amma ki riƙe kwanakin a ranki, ranar da suka cika ki je da ƙafarki ki ɗauko abinki, ko da za a ce ba ki da kunya. Kuma duk ranar da kika ji ana yabon ki a kan wata al'ada, ki tsaya ki duba ko nauyinta kike ɗauka ko inuwarta kike sha. Kunyar Inna ta gaske ce, tana biyan ta da hawaye a bayan bukka. Tawa ta aro ce, na same ta daidai lokacin da nake bukatar wurin ɓuya.

Kin san ni ma 'yar farin Inna ce. Har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "waccan". Bayan an ba mu jiha aka kwaso Abbanku da sauran ma'aikata daga Kano zuwa Dutse, sai muka matso kusa da ita. Takan zo da ƙwaryar nono da man shanu a ɗan kwano, ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar falo. Mu gaisa, in tambayi shanu, ta tambayi yara, magana ta ƙare. Sai in ɗauki littafi. Ina gaya wa kaina girmama ta nake yi, tunda ba ta son in zuba mata ido.

Zuwanta na ƙarshe kina makaranta, ba kya gida. Ta daɗe tana kallon hannuna, can ta ce, tana duban bango, "Wai wannan takardar, me take ce miki ne kullum?"

Na ce, "Labari ne kawai, Inna, ba za ki gane ba."

Ta ce, "To."

Matar da ta san kowace saniya a garke da uwarta da kakarta, wadda in ta fara tatsuniya har manya ke matsowa, ita na ce wa ba za ta gane labari ba. Sai daga baya na fahimci shekara nawa ta yi tana tara ƙarfin yin tambayar nan, don a wurinta tambayar daidai take da ta ce min zo mu yi hira. Da damina ta tsaya aka aiko ta rasu. Littafin yana nan a kanta ta biyu. Labarin wata mata ce da ta rabu da garinsu, Inna za ta gane shi fiye da ni.

Gidan da za ki gidan malamai ne. Mahaifiyar angonki Nura mata take karantarwa a zaure tun kafin a haife ki, Larabcinta ya fi Turancinki. Yanzu kuma da shari'a ta zo, kowa ya zama mai sa ido, ana ta maganar littattafan hikaya suna ɓata 'yan mata. Wata rana za ta shigo ɗakinki ta tarar da ke da littafi ta tambaye ki na mene ne. Kada ki tura shi ƙarƙashin filo kamar kin yi sata, kada kuma ki yi mata murmushin nan namu na 'yan boko, wanda na san kin iya don a fuskata kika koye shi. Ki rufe littafin ki ba ta labarin tun daga farko. In ta ce banza ne, wataƙila banzan ne, kin san da yawansu haka suke. Amma kun yi hira.

Na Abbanku gajere ne. Farkon aurenmu in ya dawo daga ofis yakan tsaya a kaina da hularsa a hannu yana ba ni labarin wanda aka yi wa canjin wurin aiki da wanda ya yi faɗa da masinja. Ina saurare, amma yatsana yana cikin littafi daidai inda na tsaya. Wata rana ya ce, "Binta, cire yatsan mana, ba zan daɗe ba." Na ce ai ina jin sa. Bai sake roƙo ba. Kin taso kin ga Abbanku mutum ne mai shiru a gida, wanda in ya ci abinci sai ya ɗauki tabarma ya fita majalisa, kina jiyo dariyarsa daga waje. Ba haka na same shi ba. Idan mijinki ya fara magana, ki ajiye littafin gaba ɗaya, a kife, nesa da hannunki. Mutanen ciki ba sa zuwa ko'ina, inda kika bar su nan za ki same su.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, kuma ba ki san shi ba.

Dutsen da muka tarar ba Dutsen yau ba ne. Ɗaki biyu muka samu haya, duwatsu a bayanmu, ba ƙawa, ba gidan 'yan uwa, wuta sai ta ga dama. Kina shekara goma sha biyu. Kika fara da littattafan haya na mai shagon bakin tasha, waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma, kina ɓoye su cikin littafin lissafi. Kin ɗauka ban sani ba. Yarinyar da ke ƙin lissafi ba ta yin awa biyu tana yi masa murmushi. Da kika cinye na shagon kika juyo kan nawa da ke kan kanta, na Hausa da na Turanci, ba ki taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa hanawa ba. Ki ɗauka in na fita aiki, ki mayar kafin in dawo.

Ranar nan na buɗe wani da kika mayar, na ga an lanƙwasa kusurwar shafi. Ba inda kika tsaya ba ne, don kin gama littafin. Na duba wani, shi ma haka, wuri biyu. Sai na gane wuraren da suka taɓa ki kike yi wa alama. Daga ranar na samu aikin yi. In kin tafi makaranta sai in bi kanta ina neman lanƙwasa. Na san lokacin da kike tsoron jarrabawa. Na san lokacin da kuka ɓata da wata ƙawa, don mako uku duk shafukan cin amana kike lanƙwasawa. Bayan rasuwar Inna ba ki yi kuka a gabana ba, amma na ga inda kika yi shi, takardar har ta kumbura. Akwai wani shafi da babu abin da ya faru a cikinsa, wata mata ce kawai take yi wa 'yarta kitso a tsakar gida suna maganar tsadar gishiri. Sau uku na karanta shi ina neman abin da kika gani a ciki. A na ukun na gane, na mayar da littafin, na je na ɗora tukunya. Ranar Asabar ɗin na ba ki kuɗin kitso kamar kullum kika tafi gidan mai kitso.

Shekara biyar ina karanta ki a haka. Ban taɓa sanin wani mutum kamar yadda na san ki a shekarun nan ba, kuma ko sau ɗaya ban nuna ba.

Sai ranar da matan ofishinmu suka zo min barka da sallah. Ɗaya daga cikinsu ta zaro littafi daga kanta tana juyawa, ta ce, "Kai, Maman Bashir, ke da ko aro ba kya bayarwa, wa yake yi miki wannan ɓarnar?" Wata ta ce, "Ai 'yar gaban goshin ce, wa zai taɓa ta?" Suka yi dariya. Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko kuwa na sani: an ce ina ji da 'yar fari, a gaban mutane, kuma gaskiya ne. Na ɗaga murya na ce, "Ke! Zo nan. Littafi tabarma ne da za ki riƙa naɗe shi? In ba ki iya riƙe kayan mutane ba ki bar taɓawa."

Kika ce, "Ki yi haƙuri, Anti, ba zan ƙara ba."

Washegari na fito na tarar da ke a baranda da dutsen guga na gawayi, littattafai jibge a gefenki, kin ɗora ƙyalle kina bin shafukan ɗaya bayan ɗaya kina miƙar da su. Na tsaya a kanki. Na san abin da ya kamata in faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Ki kula kada ki ƙona."

Ba ki ƙona ko ɗaya ba. Tun daga ranar tsinken tsintsiya kike sa wa, in kin gama ki zare shi. Littattafai suna dawowa kanta sumul kamar ba a taɓa su ba. Shekara biyar ke nan ban san komai a kanki ba. Maganar Nura ma a bakin Gwaggo Dije na ji, bayan ya yi wata huɗu yana zuwa zance ƙofar gidana. Ban san ko son sa kike ba ko kuwa ya dai yi miki, ban san ko kina tsoro ba. Na duba kanta, babu komai.

Kada ki taɓa yi wa naki faɗa don baƙi su ji. Baƙi za su sha lemonsu su tafi. Kuma idan kika yi wa mutum tsawa ya ce "ba zan ƙara ba" nan take, babu musu, babu kumbura fuska, kada ki ji daɗi, ki bi shi ki duba me ya rufe. Ɗaya kuma, wannan ya fi duka: kada ki kai wa Nura wannan hanyar. Na ga alamar yana da kirki, amma ba zai bi shafuka yana neman ki ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. In abu ya dame ki ki faɗa da baki, ko muryarki tana rawa, ko maganar ta fito a karkace. Ni da na bi shafukan na same ki, me na yi da abin da na samu?

Kada ki ɗauka ce miki nake ki bar karatu. Za a samu masu ce miki haka, matar aure da littafin hikaya, sai ka ce ba ta da aikin yi. Ki ce musu to, ki ci gaba. Yinin Buji dogo ne, Nura yana makaranta har azahar, tsakanin azahar da la'asar kuma gari yakan mutu. Wannan lokacin naki ne, kada ki bari a cika miki shi da gulma. Sai dai ki sauke tukunya kafin ki buɗe littafi. Tukwane biyu kika kashe min a gidan nan, ban yi magana ba don ni uku na kashe wa Inna. Kuma littattafanki naki ne yanzu, ki lanƙwasa duk inda kika ga dama.

Jiya bayan la'asar na yi niyyar faɗa miki duk wannan da baki. Na tsara maganar tun a ofis, har da inda zan fara. Na tura ƙofarki na same ki kwance rub da ciki a kan katifa, akwatuna a buɗe kewaye da ke, rabin kaya a ninke, kina karatu. Kika tashi zaune da sauri kika gyara ɗankwali kika ce, "Anti, wani abu zan yi?" Na dubi lallen hannunki, ya kama sosai. Na ce, "Kin ci abinci?" Kika ce kin ci. Na ce to. Na fito.

Don haka ga shi a rubuce, tunda ta nan kaɗai muka iya. Zan san kin tafi. Tun ranar da aka sa rana nake sanin kin tafi, kullum da safe in na ji ƙarar bokitinki a bakin famfo. Ban taɓa ƙin ki ba ko na awa ɗaya. Na so ki tun kina cikin zane, na kuma fi son kaina a lokacin da kike bukata ta, daga baya da na so gyarawa na tarar ban iya ba. Ba na ce ki yafe min kafin Asabar ba. Abin da nake roƙo kada ki shiga motar nan da waccan maganar a ranki.

Yau ne jere. Motar kaya tana ƙofar gida tun ɗazu, an ɗaure gado da katifa, gwaggwanninki suna ta faɗa a kan wanda zai riƙe kwalin tangaran. Uwar amarya ba ta zuwa jere, balle uwar 'yar fari. Da na fito da mayafina Gwaggo Dije ta riƙe haɓa ta ce, "Binta, ina zuwa haka?" Na ce Buji. Ta ce, "La ilaha illallahu. Bokon ne ya motsa da tsufa? Me za mu ce wa dangin miji?" Na ce ta ce musu ba ni da kunya, an daɗe ana yi min shaidar da ban cancanta ba. Har yanzu tana waje tana salati.

Ba don in taya su kafa labule zan je ba, kin san ban iya ba. So nake in ga ɗakin. In san ta ina taga take, ina rana ke faɗowa da yamma, a wane lungu za ki zauna. In na tuna ki in san inda zan ajiye ki.

Allah Ya sa albarka a aurenki, Ya sa gidan ya zame miki wurin hutawa. Allah Ya kare ki a hanya, Ya kare ki daga ciwo da baƙin ciki da sharrin baki. Ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki, Ya ba ki bakin kiran sunayensu. Allah Ya jiƙan Inna da ta riƙe min ke, Ya yafe min abin da na tauye ku ke da ita. Amin.

Kina bakin famfo Jamila tana wanke miki kai, ina jin muryarku. Zan ajiye wannan a kan filonki in ja miki ƙofa. Direba ya fara hon.

Wassalam,
Mahaifiyarki